Ganye Ɗaya

Tun rasuwar matarsa bai taɓa tazargaden da ta shuka a tsohon bokiti ba, ko kallonsa ba ya iya yi.

A shekarar korona, shi ne ɗan unguwar New Bell da ke aiki a hukumar magunguna, yana bin rumfuna yana ƙwace duk abin da aka ce yana kashe cutar. Mutanen unguwa suna cewa, "Manya na sha a ɓoye, mu talakawa ake hanawa." Da zazzaɓi ya kwantar da matar, ta roƙe shi ganye ɗaya na tazargaden. Ya ce, "Interdit ne, Hajiya, hukuma ta hana. Babu hujja." A asibiti ta cika.

Yau ya tarar da 'yarsu tana ba shukar ruwa. Ya tambaye ta, "Da na ba ta, da ta rayu?"

"Baba, ba sha za ta yi ba. Cutar ta ɗauke mata jin ƙamshi. So take ta gwada, ko za ta jiyo ƙamshin ɗakin mahaifiyarta na Garwa."

 Sai ya durƙusa, ya tsinki ganye ɗaya, ya murza, ya kai hanci.