Mai Huluna da Dokar Ɗaga Waya

To, kai da aka ɗora a kan ma'aikatan da ba ka ganinsu, buɗe kunne ka ji. An yi wani mutum da ya gaji sana'ar huluna wurin mahaifinsa. Mata goma sha biyu ke yi masa ɗinki, kowacce a ɗakinta, ran Alhamis a kawo abin da aka gama. Shekara talatin tsohon na haka, ko sau ɗaya bai leƙa gidan kowa ba, hular kawai yake jujjuyawa ya san wadda ta yi aiki. Shi kuwa magajin, zama a shago ba ya ganin allura na motsi ya hana shi sakat. Gani yake duk suna kwance suna cin gumin ubansa. Sai ya kafa doka: zai riƙa kira a waya duk sanda ya ga dama, wadda ta kasa ɗagawa sau uku ya sallame ta. Ji wani iko, don Allah! Malalatan ciki suka ajiye allura suka rungumi waya, ƙara ɗaya sun ɗaga, har da “ranka ya daɗe”. Shi kuma baki har kunne.

Akwai wata dattijuwa a cikinsu, hannunta ne ya yi wa shagon suna. In ta fara ƙirga zaren zane, cusa wayar take ƙarƙashin filo, don kuskure ɗaya sai an warware aikin kwana uku. Cikin mako guda ya kore ta, ko hular da ke hannunta bai duba ba. Wallahi abin da takaici, mace ta ƙarar da idonta a kan sana'ar gidanku, ka kore ta don ta yi aiki! Sallah ta matso, babban dillalin da ke sarar hulunansa ya zo, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya ja tsaki, ya ce in ba ɗinkin tsohuwar nan ba, ba ya so. Gogan naka ya rarumi waya ya kira tsohuwar. Ta yi ta ƙara har ta katse, sau uku. A ranar ya fahimci abin da shirun yake nufi: ɗinki take yi, amma yanzu mai shagon da ke kallon nasa take yi wa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.