Hanyar Raƙuman Dawa

Tun da hukuma ta fara turo hadari cikin hamada duk Laraba, ciyawa ta cinye hanyoyin da Madugu Illo ya sani. Yau shi da matarsa Tsahara suna tafe a ƙafa cikin kwazazzabai, suna neman maɓuɓɓugar ruwan zafi inda za ta gasa gwiwoyinta.

"Madugu, mun ɓata ne?"

"Ni? A hamadar da na tsufa?"

"Wannan dutsen dai mun gaisa da shi ɗazu."

Ya ɗaga kai. Hadarin hukuma na tahowa shiru, ba iska ba tsawa, kuma in ruwa ya sauka, kwazazzabo kabari ne.

Tsahara ta jingina da dutsen, tana shafa raƙuman dawan da mutanen farko suka sassaƙa a jikinsa.

"Duba, duk gabas suka fuskanta. Dabba ba ta juya wa ruwa baya."

Suka yi gabas. Suna hawa tudu sai ga tururi na tashi, ga sabon sawun kofaton raƙumin dawa a laka, faɗinsa kamar akushi.

Illo ya durƙusa ya auna da tafinsa.

"Tsahara," ya ce, "masu ƙasa sun dawo."