Mai Maganin Dogarawa

Ko sallama ban yi ba na faɗa gidan Inna Uwani mai magani. Mata sun cika tabarma, tana ƙulla musu garin saiwa.

Ita ce ta ce wa yayata Rashida ciwon daji ba ya son ƙarfe, in likita ya yanka nono to sai kabari. Rashida ta yi ta shafa garin nan har ta rasu. Da nawa ciwon ya fito, na gudu asibiti a Yamai. Aka cire nonon, na sha ƙarin ruwan maganin daji har gashina ya zube, na tashi.

"Inna, dube ni!" na daka mata tsawa. "Ƙarfe ya taɓa ni, ga ni tsaye!"

"Ke Ummulkhairi, fice mini daga gida!"

Ta miƙe za ta shige ɗaki, na cafko rigarta. Rigar ta yage. Dunƙulen tsumma ya faɗo kan tabarma, irin wanda nake cusawa a rigata kowace safiya.

Mata suka zuba mata ido. A ƙirjin Inna, ga tsohon tabon ɗinkin likita. Ya ma fi nawa kyau.