Wasiƙun Masoyan Orville

"Maybelle, ina malafata? Za su mayar da tsohon shirinmu fim!"

Shekara talatin rabon Orville Tackett da fitowa a matsayin kaboyi a talabijin. Tun lokacin yake zaune a gida a Tucson, yana koya wa matarsa Maybelle suyar ƙwai.

Ya cusa tumbinsa cikin tsohon wando ya tafi wurin ɗaukar fim. Sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi kan doki.

Darakta ya ce, "Yallaɓai, wasiƙu dubu biyu muka samu, duk ana roƙon ka dawo. Ga ɗaya."

Orville ya buɗe yana washe baki. Sai ga rubutun Maybelle:

"Don Allah ku ɗauke shi, ko na wata uku ne."