Bulon Kilbrannock

Ƙofar bayan gidan burodin gajera ce, duk baƙo sai ya gwara kai. Noreen Pask ta sunkuya ta wuce ba tare da ta ɗaga ido ba.

Fergus Rennie bai lura ba, bakinsa na aiki. Tun da ya gaji ginin daga kawunsa ya baro Melbourne, zancensa ɗaya ne: kakan kakansa ne ya gina tanderun nan da jan bulon Kilbrannock, irin wanda jiragen ruwa ke ɗebowa daga Scotland don su yi nauyi a teku. Kwamitin tarihi na gari ya yarda zai manna wa ginin allon tarihi ranar Asabar, in har an ga tambarin Kilbrannock a jikin bulon. Shi ya sa ya gayyato Noreen daga ƙungiyar masu bin diddigin tsofaffin bulo.

Mutumin nan ba shi da ta-ido. Satin da ya iso ya kori tsoho Ambrose Tully, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin wannan wuta, ya watso masa kaya a titi ana ruwa, wai yana so ya gyara wurin saboda masu yawon buɗe ido. Garin bai manta ba.

Noreen ta leƙa cikin tanderun, ta shafa wani gurbi a bakinsa da aka cike da siminti.

"Tambarin a ciki yake, Yallaɓai, fuskar da ke kwance a kwaɓin ginin. Sai an zaro bulo ake karantawa. Ni dai ba na taɓa kayan mutane."

"To ni nawa ne," in ji Fergus. Ya ɗauko guduma da kurfin sarar bulo.

Na farko ya fito fes, ba rubutu. Na biyu ma haka. Gumi ya fara keto masa.

"Kada ka damu," in ji ta. "Wani lokacin magina kan yi amfani da bulon gida, su sa na Scotland inda wuta ta fi ci. Ko da yake wasu labaran kakanni, ka san su, daɗin baki ne."

Nan ta taɓo shi. Ya tuɓe riga, ya cusa rabin jikinsa ciki, ya hau tsakiyar rufin tanderun da sara, wurin da kowane bulo ke tallafe da ɗan'uwansa. Noreen ta ja baya ta tsaya jikin ƙofa.

Ƙasa ta fara zubo masa a wuya. Da ƙyar ya fizgo kansa waje, rufin ya rufta gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa, Fergus ya durƙusa yana juya bulo ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman allura. Babu ko harafi.

"Ayya," in ji Noreen, ta kaɗe siket ɗinta. Ko kaɗan ba ta ji tausayinsa ba.

Ta wuce kai tsaye gidan kula da tsofaffi. Wani dattijo na zaune bakin taga, ƙofar ɗakinsa a tokare da jan bulo mai tambarin Kilbrannock raɗau, guda ɗaya tak da tanderun ya taɓa samu, wanda dattijon ya ɓamɓaro daga bakin tanderun ranar da aka kore shi.

"Baba," in ji ta, ta sumbaci goshin mahaifinta, Ambrose Tully, "da hannunsa ya rushe shi."