Fatalwa Mai Jan Lalle

Surukarsa ta iso daga Garo riƙe da littafin da ya yi wa zanen bango, mai zanen ya zube yana gaisuwa.

A baya, sau uku ya zana fatalwa don bangon wannan littafi na tsofaffin labaran ban tsoro, sau uku mai buga littafin yana dariya. "Malam, zana abin da kai kanka kake tsoro mana!"

Sai ya zana ƙafafu biyu a bakin ƙofa, da jan lalle da koren silifa. Shekara tara da aure, kunya ba ta taɓa barinsa ya kalli surukarsa sama da nan ba.

Yanzu ga su a gabansa.

"Ɗan nan," in ji ta, "in za a sake bugawa, ka goge fason nan. Ni ƙafata ba ta da faso."