Hoton Ƙirjin da Ya Ƙi Buɗewa

"Wa ya taɓa kwamfutar nan?" in ji Sista, idonta a kaina.

Ni na goge ta da safe, da tsumma mai ɗan laima. Yanzu ga shi hoton ƙirji ya ƙi buɗewa a burauza, manhajar da ake duba hotunan a cikinta, ga marasa lafiya cike da benci. Shara nake yi a asibitin nan, da ita nake riƙe Inna.

Aka kira mai gyara. Na raɓe a bayan ƙofa da tsintsiyata, ina danne tari, ina roƙon Allah hoton ya buɗe.

Ya daddanna, sai ya yi dariya. "Sista, ƙyale bawan Allah. Ƙwaƙwalwar sabuwar kwamfutar nan ƙirar sittin da huɗu ce, ta tsohuwar kuwa ƙirar talatin da biyu. Ɗan filogin da ke buɗe hoto kuka kwaso daga tsohuwar kuka ɗora mata. Manhajar kyauta ce, amma ba ta ɗaukar abin da ba nata ba."

Ya sauko da wanda ya dace daga intanet, hoto ya fito tar. Na yi hamdala.

Likita ya leƙo, ya tsaya cak. Ya ɗora yatsa kan wani farin tabo a huhun dama. "Ina mai wannan hoton? A nemo shi yanzu."

Muryar Sista ta yi ƙasa. "Na gwajin na'urar ɗaukar hoto ne, likita. Na jiya."

Jiya, da za a gwada na'urar, ni aka ce in tsaya a gabanta.